Aro, Maimai da Sabon Labari a Finafinanmu: Laccar da aka Gabatar a Sassumbrum

 

 Iyayenmu masu gari da masu unguwanni, malamanmu na zaure da na lakwal, iyayenmu mata, da ku ƙannena matasa da kuka haɗa wannan taro, ina gaishe ku da zama. Waɗanda suka taso daga Magarya da Dungas da ƙauyukan kewaye, sannunku da hanya, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Matasan da suka gayyace ni sun aiko mini da tambaya guda, suka ce ita suke ta ja a fada in an zauna shan shayi. Me ya sa fim ɗin yanzu, tun ba a yi nisa ba, sai ka ji kamar ka taɓa ganinsa? Ko dai an ɗauko shi daga na Indiya, ko tsohon fim ne aka sake, ko kuma zango na kaza ne na labarin da ya kamata a ce ya ƙare tun bara waccan. Shin basira ce ta ƙare?

Basira ba ta ƙare ba. Kuma ciwon nan ba a Kano ya tsaya ba. Ku dubi Amurka, inda kuɗin fim suka taru. A shekarar 2024, finafinai goma da suka fi kawo kuɗi a duniya, babu ko ɗaya a cikinsu da aka ƙago labarinsa daga tushe. Inside Out na biyu ne, Moana na biyu, Dune na biyu, Despicable Me na huɗu, Kung Fu Panda na huɗu. Wicked kuwa daga wasan dandamali aka ɗauko shi, shi ma wasan daga littafi. The Lion King da aka yi a 1994 an sake shi a 2019, ya kawo sama da dala biliyan ɗaya da rabi. Dalilin a fili yake. Kamfanin da zai zuba dala miliyan 200 a fim guda tsoron asara yake yi, don haka sai ya nemi sunan da mutane suka riga suka sani, wanda ba sai an sha wahalar tallarsa ba. Tsoron nan shi ne uban maimai, a can da nan. Bambancin kawai yawan kuɗin.

Mu dawo gida. Fim ɗin Hausa na kaset wanda aka fara sayarwa a kasuwa, an fi danganta shi da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Waɗanda suka fara sana'ar ƴan wasan kwaikwayo ne da marubuta. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, littafin ya karɓu, sannan aka mai da shi fim a 1994. Haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa ya tashi daga takarda ya koma kaset. Wato tun ranar farko, fim ɗinmu da ɗauko labari aka haife shi, sai dai a lokacin daga gida ake ɗaukowa.

Amma yaran da suka taso a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram sun taso ne da finafinan Indiya a ido. Tun shekarun 1960 gidajen silima ke nuna su, daga baya talabijin ta karɓa. Ba a banza suka shiga ranmu ba. A cikinsu akwai uban da ya zaɓa wa ƴarsa miji, akwai kunya tsakanin saurayi da budurwa, akwai uwar da albarkarta ke ɗaga ɗa, fushinta ya kayar da shi. Bahaushe ya ga kansa a nan fiye da yadda ya gan shi a finafinan kaboyi. Da Sangaya ya fito a ƙarshen shekarun 1990, da waƙarsa da kiɗan fiyano, kasuwa ta ga inda kuɗi suke, kowa ya bi. Daga nan abin da ƴan fim da kansu ke kira wanki ya yawaita: a zauna a kalli fim ɗin Indiya, a sauya sunaye, a ɗauka da Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin da yawa daga cikinsu. Ya nuna Khusufi daga Taal na 1999 ya fito, So kuma daga Mohabbatein na 2000. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, shi kansa Mohabbatein ya ɗebo daga wani fim ɗin Amurka na 1989, Dead Poets Society. Labari ya taso daga makarantar kwana a Amurka, ya biya ta Indiya, ya sauka a Kano, sannan aka turo mana shi nan a cikin memori.

A nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci su ce: to ai shi ke nan, aro shi ne cutar, a daina aro. Ni ban yarda ba, kuma ina da shaida.

Duk wanda ya yi karatun Hausa a cikinku ya san Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1930. Babu littafin da Hausawa ke alfahari da shi kamarsa. To, labarai da yawa na cikinsa ba Imam ya ƙago su ba. Wasu daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na ƴan uwan nan biyu, Grimm, wasu daga littattafan Indiya da Farisa. Hatta akun da ke ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita, akwai irinsa a tsofaffin littattafan Indiya. Amma wa ya taɓa karanta Magana Jari Ce ya ji warin baƙunta? Sarkin da ke ciki sarkin Hausa ne, da fadawansa da dogaransa. Alƙalin namu ne, ɓarayin namu ne, wautar wawayen ma irin tamu ce. Imam ya kwance labarin har ƙasa, ya tambayi kansa yadda zai faru in a ƙasar Hausa ya faru, sannan ya sake ɗinka shi. Aikin da ya yi ya fi na mutum goma masu cewa sun ƙago sabo.

Su Indiyawan ma haka suka yi. Sholay na 1975, wanda dattawan da ke nan ba su manta da Gabbar Singh ɗinsa ba, ya sha daga finafinan kaboyi, musamman The Magnificent Seven na 1960, wanda shi kuma maimai ne na Seven Samurai da Akira Kurosawa ya yi a Japan a 1954. Ƙauye ne ƴan fashi suka addaba, aka ɗauko mayaƙa daga waje su tsare shi. A Japan da takobi, a Amurka da bindiga da doki, a Indiya da abota da waƙa da gwauruwa mai farin sari. Kowa ya mai da shi nasa.

Saboda haka tambayar da nake so ku riƙa yi wa fim ba ita ce daga ina aka ɗauko shi ba. Ku tambaya: bayan an ɗauko, an yi masa aiki? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a fim kana ganin katarar da idonka. Za ka ga yarinya ƴar malamin zaure tana zagaya bishiya da saurayi a lambu, ta sauya kaya sau biyar kafin waƙa ta ƙare, babu wanda ya gan su, babu wanda ya kai tsegumi gida. A wane gari? Za ka ga an yi rikicin aure daga farko har ƙarshe, babu gwaggo, babu kawu, babu waliyyi, babu wanda ya je gaban liman ko mai unguwa, sai uba ɗaya a falo yana daka tsawa. Ku da kuke zaune nan kun san ba haka aure ke ɗauruwa ko ya mutu ba. A wurinmu maganar aure tana bi ta hannun mutum ashirin, kuma daɗin labarin yana cikin waɗannan hannuwan: gwaggon da ta karɓi goro tun yarinya na goye, kakar da ke goyon bayan jikarta a ɓoye, abokin ango da ke kai saƙo yana ƙara nasa. Mai wanki ya zubar da duk wannan, saboda babu su a fim ɗin da yake kwafa. Asarar ke nan. Ba Indiya ya cuta ba, mu ya rage wa.

Ba na faɗin wannan don in rena mutanen Kannywood. Sun gina sana'a da hannunsu, ba tallafin gwamnati, ba makarantar fim, suka ciyar da dubban gidaje, suka kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Kuma a cikinsu akwai wanda ya iya aro irin na Imam. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, in duniya ta ɗauki zancen wani, ko Usama ne ko mawaƙi Awilo, sai ya sa rigar mutumin ya shigo da shi ƙauye, ya bar ƙauyen ya yi maganinsa. Dariyar da muke yi, ta ganin baƙon abu ne a hannun mutumin da muka sani.

Shi wankin ma kasuwarsa ta karye, kuma ba wa'azi ya karya ta ba. Tun da su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, mai kallo ya samu na asalin, da jiragensa da duwatsunsa da faɗansa na miliyoyi, kuma jarumin yana magana da Hausar da ta fi ta wasu finafinanmu gishiri. Wa zai sayi kwafi alhali ga na ainihi yana jin yarensa? Yau duk abin da Indiya ko Turkiyya ko Koriya za su iya yi, za a fassara a kawo mana. Abin da ya rage wa mai fim ɗin Hausa shi ne abin da ba wanda zai iya yi sai shi.

Sai maganar na biyu da na uku, da zango bayan zango. Ita ma kasuwa ce ta haife ta. A zamanin kaset, furodusa kan buga kwalayen fim ɗinsa ya kai wa ƴan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su su kwafi kaset ɗin su sa a kwali su sayar, rabonsa yana cikin kuɗin kwalin. To in labari ɗaya zai iya zama kwali biyu ko uku, me zai sa a sayar da shi a ɗaya? Sai a yanke shi daidai inda rai ya rataya, a rubuta mu haɗu a kashi na biyu. Da kaset da faifai suka mutu, sana'ar ta koma talabijin da YouTube. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye wayoyi. A YouTube kuɗi na bin yawan kallo ne da talla, kuma masu kallo suna bin sunan da suka saba da shi duk mako. Ranar da ka rufe labari, ka rufe shago. Shi ya sa Izzar So ya haura kashi ɗari. Masu Labarina kuwa, da labarin farko ya kai inda zai kai, sai suka riƙe sunan suka shigo da sabon labari da sababbin mutane a ƙarƙashinsa. A ganina wannan dabara ta fi mutunta mai kallo a kan a yi ta jan labari ana tayar da wanda ya mutu, ana ƙago wa jarumi ɗan uwan da ba a taɓa jin zancensa ba. Dogon labari ba aibi ba ne. Daɗin Kowa ya daɗe saboda gari ne guda aka gina, kuma gari ba ya rasa abin faɗa. Aibin shi ne marubuci ya san labarinsa ya ƙare, ya ci gaba don kada tallar ta tsaya. An kuma shiga sake tsofaffin finafinai, kamar yadda Ali Nuhu ya sake Mujadala a 2018. Wannan ba ni da ja a kansa, in dai mai sakewar yana da abin da zai ƙara wanda shekarun da suka wuce suka koya masa.

Yanzu bari in tsallako iyaka, don mu ƴan Nijar muna yawan mantawa da abin da ke hannunmu. Kafin a san za a yi wani abu wai shi Kannywood, ƙasar nan tana sahun gaba a fim a Afirka. Babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, karon farko da aka ba da ita a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙara aure da yarinyar da ke da wanda take so. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, rayuwarsa ce ta tsohon sojan Faransa da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokai suka taya shi cinye kuɗin suka watse.

Wanda na fi so ku sani shi ne Moustapha Alassane. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka shiga yin abin da suka gani a silima: sata, faɗa, rena dattawa, har abin ya kai ga jini. Ku lura da abin da mutumin nan ya yi. Ya ari komai na fim ɗin kaboyi, amma labarin da ya bayar shi ne abin da kwaikwayon baƙo ke yi wa ƙauye. Shekara kusan sittin ke nan, kuma in ka cire hular kaboyi ka sa wayar salula, da mu yake magana.

A Agadas ma, a 2015, an sake fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, da Buzanci, Mdou Moctar ya fito a ciki. An riƙe ƙashin labarin, mawaƙi da uban da ba ya son sana'arsa da abokin hamayya, amma gasar masu jita ta Agadas ce, kuma ta waya ake sace waƙar, kamar yadda waƙa ke yawo a ƙasar nan.

Akwai kuma wanda ke sa ni alfahari da baƙin ciki tare. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƴar wasan Burkina, Aï Keïta, ta fito a Sarauniya, kuma ba Hausa ke bakinta ba. Labarinmu ne, wasu suka ga darajarsa suka yi, Allah ya saka musu. In akwai fim ɗin da ya cancanci a sake, da Hausar Arewa, a ƙasar da abin ya faru, wannan ne. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, labarin uwar da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta. An gyara tsohon fim ɗin an nuna shi a Balin a 2018. Mutum nawa a nan suka taɓa ganinsa?

Wannan uwa ta Shaihu Umar tana tuna mini da matan da ke tashi daga Kance da ƙasar Magarya da yara a hannu su nufi Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mota ta lalace ƙishirwa ta kashe su. Duniya ta ji adadin ta wuce. Abin da ba ta ji ba shi ne daren da mace ta yanke shawarar tafiya: me ta ce wa mijinta, wa ya ba ta bashin kuɗin mota, ɗan wa ta ɗauka, me maƙwabciyarta da ta dawo da katifa da kwanoni ta faɗa mata. Babu marubuci a Mumbai da zai iya rubuta wannan dare, da wuya ma na Kano ya iya. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka san shi.

Ku dubi gawon da ya cika gonakinmu. Masana daga ƙasashe suna zuwa Magarya da Matamaye da Mirya su ga yadda manoma suka mai da itatuwa ta hanyar sassaben zamani, har an ƙiyasta hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A takardunsu lissafi ne. A wurinmu rigima ce tsakanin mai gona da mai gatarin dare, tsakanin manomi da makiyayin da ya sassabe reshe don dabbobinsa, tsakanin ƴan uwa ranar rabon gado. Ku dubi iyakar nan tamu da Najeriya da aka rufe a 2019, aka sake rufewa a 2023, alhali amarya tana Ɓaure ko Zangon Daura, ango yana nan. Ku dubi yaron da ke ɗauko jarkokin mai a babur cikin dare, uwarsa ba ta runtsa ba sai ta ji ƙarar mashin ɗinsa. Ga tarihin Damagaram, Tanimu da ganuwarsa da igwoginsa, Amadu Kuran Daga da ƙarshensa a 1899. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta nuna ana iyawa. Ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara, ta zauna da matasan da gari ke tsoro, fim ɗinta Zinder ya fito a 2021 ya zaga duniya. Kafin shi ta yi wani kan macen da ba ta samu haihuwa ba, abin da kowane gida ya sani amma ba a faɗa.

Ƙannena masu ɗaukar wasa da waya, na ga ayyukan wasunku, akwai hazaƙa. Roƙona guda ne. Na lura in kun kunna kyamara sai bakinku ya sauya, ku koma Kananci, ku nemi gidan siminti mai labule ku ce nan ne gidan alhaji. Ku bar tsohuwa ta yi magana yadda take yi a bakin rijiya. Ku ɗauka a zauren da kuka sani, da rumbun da ke bayansa. In kun ari labari daga Indiya ko Kano, ku ara, amma ku zaunar da shi a gaban kakarku ku ga ko za ta ce haka ake yi. In kuma littafin wani ko waƙar wani kuka ɗauka, ku nemi izininsa, ku sa sunansa. Marubutan Hausa sun daɗe suna kukan ana ɗaukar labaransu ba ko sallama. Kurosawa da kamfaninsa sun kai ƙara lokacin da aka kwafi Yojimbo aka yi A Fistful of Dollars a 1964, kuma an biya su. Mu ma muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa a Yamai.

Saura mu masu kallo, don da hannunmu a ciki. Ranar kasuwa ku tsaya a rumfar mai cajin waya. Ga allon katako da wayoyi jere, ga ƙaramin inji yana kuka a baya, ga yaro da kwamfuta a cinya. Mutum zai miƙa memori ya ce a cika masa. Ba ya ma faɗin sunan fim, sai dai ya ce sabon zangon kaza, ko a sa masa na faɗa. Ya biya ƴan kuɗinsa ya tafi. Yaron ya ci abinci, kuma ba na ƙyashinsa, sana'a yake yi. Amma ko dala ɗaya ba ta isa hannun wanda ya rubuta labarin ba, kallon ma ba a ƙirga shi a YouTube ba balle talla ta biya. Mai fim da ya san haka ake kallonsa, da wane ƙarfin hali zai kashe shekara yana bincike kan Kuran Daga? Zai yi abin da ya fi sauƙi da arha, ya ƙara zango.

Don haka ga abin da nake ba ƙungiyoyin matasa da hukumar gari shawara. In yaranmu sun yi fim, kafin ya shiga memori, a fara nuna shi a fili, a filin lakwal ko ƙofar fada bayan isha'i, a sa kuɗin shiga kaɗan wanda kowa zai iya, a ware wa mata wurinsu, kuɗin su tafi hannun waɗanda suka yi aikin. Mako na gaba a kai shi Magarya, na gaba Dungas, na gaba Kance. Masu gidajen kallon ƙwallo suna da allo da inji da benci, kuma akwai dararen da ba a wasa, ana iya yin yarjejeniya da su a raba abin da aka samu. Masu tura finafinai kuma a zauna da su a sa wa'adi, su jinkirta wata ɗaya kafin su fara turawa.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi, na ga hannuwa tun ɗazu daga ɓangaren mata.